Watan da Muka Yi Zaman Rum a Dokki

Ran Sallar da ta wuce ina kicin ina juya miya na jiyo Nasiru yana ba ƙannensa labarin Kakanku, wai an taɓa ba shi aiki a birnin Rum ya ƙi tafiya don tsoron sanyi. Kuka kwashe da dariya, har da mai buga cinya. Ban tanka ba, don ba na son ɓata muku Sallah, kuma miyar tana neman kamawa. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har yau. Kai Nasiru, da ka je Jos kwana biyu ka dawo kana jan hanci kamar ka yi yaƙi, kai ne mai yi wa wani gorin sanyi? Ban ga laifinku sosai ba, tunda shi da kansa ya ƙirƙiro wannan zancen, ya yi ta faɗinsa har ya bar duniya. Ni ce na san dalilin da ya sa ya ƙirƙire shi, kuma tunda Inna ma ta rasu, babu wanda ya rage da zai gaya muku in ba ni ba.

Kun san cewa mutumin da nake kira Baba, Malam Idrisu, ba shi ya haife ni ba, ƙanen mahaifina ne. Kun sani ne kawai da baki, kamar yadda kuka san sunan garinku. Mahaifiyata ta rasu ina goye, mahaifina ya bi ta ban kai shekara uku ba. Baba ya zo Funtua zaman makoki, ya tarar da ni a ɗakin Gwaggo Asabe, yayarsu, ina ta kuka, ya ɗauke ni ya miƙa wa amaryarsa Hajara, wato Inna, wadda ko haihuwar fari ba ta yi ba. A bayanta na yi wayo. Da aka haifi Bashir, daga baya Amina, ba wanda ya sauke ni daga matsayin babbar 'ya. Da aiki ya kai Baba ofishin jakadanci a Alƙahira, ba a ma yi shawarar ko za a tafi da ni ba, ɗinkin tafiya kawai aka yi mana iri ɗaya.

A unguwar Dokki muka zauna, a hawa na uku na wani tsohon bene mai faɗin ɗakuna. Baba ba babban ma'aikaci ba ne, shi ke kula da sha'anin ɗalibai da matafiya, amma Masar ta wancan zamanin gari ne da ke rufa wa mai ƙaramin albashi asiri. Da safe Inna za ta zura kwando da igiya ta baranda, mai wake ya zuba ful, mai gurasa ya ɗora aish mai zafi, ta jawo, kuma abin da ta saka a kwandon bai kai ka tsaya tunaninsa ba. Shinkafar Masar kuwa kamar don tuwo aka halicce ta, tana jin muciya take haɗa kanta. Kuɓewa tana nan, su ce mata bamiya, lalo yana nan, su ce masa mulukhiyya. Kuka da daddawa ne kawai sai mahajjata sun biyo da su. Saboda wannan arahar Baba ya buɗe ƙofarsa. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ɗaliban Arewa da na Nijar za su cika motar haya daga unguwar Ainu Shams su nufo gidanmu cin tuwo. Inna tana da wata babbar tukunya da ta saya a hannun masu dafa abincin biki, sai mutum biyu ke sauke ta daga wuta. Takalma su cika matakala har bawwab, wato mai gadin benen, ya riƙa tsallake su yana mita, amma shi ma da langarsa a ajiye. Baba yana tsakiyarsu yana gardamar nahawu da ba shi da ƙarfi a kai, yana cewa a ƙara wa wane miya. Ban taɓa ganin mutumin da ciyar da jama'a ke yi wa daɗi irinsa ba.

Ina shekara sha biyu, wajen ƙarshen shekarun saba'in, Baba ya dawo daga ofis wata ranar da leda ƙatuwa a hannu, yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji. Ya zazzage ledar a falo, sai ga wani baƙin kwat mai nauyi, dogo har gwiwa. Ya saka shi a kan kaftani, ga zafin Alƙahira, ya shiga zagaya falo yana taku ɗai-ɗai.

"Malam, lafiya?" in ji Inna. "Ko zazzaɓi ne?"

"Zazzaɓin ƙarin girma, Hajara. Rum za a kai mu. Italiya!"

Muka yi ta tsalle ba tare da mun san inda Rum take ba. Baba ya daɗe yana jiran wannan. Sa'o'insa sun wuce shi, wasu da ya koya wa aiki sun kamo shi, kuma kowa ya san wanda ya yi aiki a Turai shi ake tunawa in kujera ta faɗo. Ina so ku riƙe wannan da kyau: Kakanku yana son tafiyar nan. Yana son ta ƙwarai.

Ana cikin wannan murnar sai ga baƙi. Alhaji Sule, abokin aikin Baba wanda ya yi shekaru a Rum, ya biyo ta Alƙahira da matarsa Hajiya Delu a kan hanyarsu ta Umra, suka sauka a gidanmu. Alhaji Sule mutum ne mai son a san ya ga duniya. Takalminsa kawai in ka kalla za ka ga fuskarka. Ya zauna a falo ya miƙe ƙafa yana ba Baba labarin tituna da motoci da gine-ginen da suka girmi kakannin kakanni, ya koya wa Bashir cewa "chaw", Bashir ya wuni yana gaishe da bawwab da ita. Duk wanda ya saurari falon nan zai ce Rum ƙofar Aljanna ce.

A kicin kuwa wani labarin ake yi daban. Ranar ta kama Juma'a, ina zaune a ƙasa da tire ina tsintar shinkafa, Hajiya Delu ta shigo ta ga babbar tukunyar a kan wuta. Ta tsaya tana kallonta, sai na ga ta kai gefen mayafi ido.

"Hajara, rabona da ganin tukunya irin wannan tun da na bar gida," ta ce. "Ki bar Alhaji da surutunsa. Birnin Rum kyau gare shi, ba ƙarya, amma kyan ba ya shiga ciki."

Ta jawo kujera ta zauna, ta shiga zayyanawa. Abin da ofis ke bayarwa na haya, in ji ta, ɗaki biyu da falo kamar akurki yake kamawa, in kana son fiye da haka sai ka ciro daga albashi. Mai gidan hayan yana ƙidaya kawunan da ke kwana. Ranar da ta fara daka yaji, matar da ke ƙasansu ta hau da tsintsiya tana buga ƙofa, tun daga ranar turminta ya zama kujera. Nama sai ka ratsa gari kafin ka sami wanda zuciyarka ta yarda da yankansa, a yanko maka shi siriri kamar takarda, ka biya kamar ka sayi rago. In sanyi ya shigo, ɗumama ɗaki kawai wani cefanen ne mai zaman kansa. Kuɗin garin kuma kullum ƙara lalacewa yake, abin da ka saya yau ba haka za ka same shi wata mai zuwa ba. Taliya da tumatir ne kawai ke tausaya wa baƙo. Ta ce abin da ya fi ci mata rai, in ta ji ƙararrawar ƙofa lokacin cin abinci gabanta faɗuwa yake yi, ita da ta tashi a gidan da ba a rufe zaure.

"Makarantar yara fa?" Inna ta tambaya.

"Wannan ce babbar. Ta Turanci sai mai ƙarfi. Ofis yana biya, amma 'ya'yan cikinka kawai ya sani. Ɗan riƙo ba ya cikin..."

Sai ta dube ni, ta dubi Inna. Inna ta ce mini, "Kulu, je ki duba ko Amina ta farka." Na tashi da tiren a hannu, na manta ban ajiye shi ba sai da na kai ƙofar ɗaki. Ashe a Alƙahira ma haka dokar take, daga aljihunsa Baba ke biyan makarantata duk shekarun nan. Arahar garin ce ta sa ba wanda ya taɓa jin nauyina. Ranar na fara sanin cewa ni ma ina da farashi.

Kafin baƙin su wuce na ji sauran da kunnena, ina kai musu shayi. Alhaji Sule yana ba Baba shawara irin ta mai son ka da alheri, ba da mugunta ba.

"Idrisu, kada ka wahalar da kanka. A mai da yarinyar wajen Asabe, ta yi karatunta a Funtua. Shekara uku kamar yau ne. Kowa haka yake yi."

"To, zan duba," in ji Baba.

Yanzu da na girma na san "zan duba" ita ce amsar da mai kunya ke ba baƙonsa in ba ya son musu. A lokacin ban sani ba. Na ajiye tiren shayin, na koma ɗaki, na zauna a bakin gado ina tuno Funtua, sai na ga ban tuna komai ba in ban da duhun wani ɗaki. Gwaggo Asabe mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta, da an kai ni ba za ta cuce ni ba. Amma ni Inna na sani. Ita ke yi mini kitso tana zagina don ba na zama wuri ɗaya, ƙamshin zaninta ne barcina. A raba ni da ita a ce shekara uku kamar yau ne?

Bayan tafiyarsu Baba da Inna suka zauna a baranda da la'asar, ni kuma ina share falo a hankali yadda ba zan yi nisa ba. Baba ya ce shi dai ba zai bar kowa a baya ba, za mu tafi mu biyar, mu matse, ya biya makarantata daga abin da ya saura, Allah ba zai hana mu abin da za mu ci ba. Inna ba mace ce mai musu da miji ba, amma ba a taɓa jan ta zuwa inda ba ta taka ta ji ƙarfin ƙasar ba.

"Malam, na yarda," ta ce. "Amma mu gwada matsin nan a nan, inda in ya yi zafi za mu iya sassautawa. Ka cire abin da haya da makarantar Kulu za su ci a can, ka ba ni ragowar. Ni kuma zan yi cefane da tsadar da Delu ta faɗa, ko da mai kanti ya ce arha ne. Mu yi zaman Rum wata guda mu gani."

Baba ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce tamam, wannan shawara ce ta masu hankali. Ni ban taɓa jin wani gida da ya yi irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Mutane suna tafiya ne su gano a can, su yi ta haƙuri suna aiko da hotuna masu kyau. Inna ta ce sai ta ɗanɗana miyar kafin ta zuba wa iyalinta.

Washegari aka soma. Aka kulle ɗakuna biyu, mu yara muka koma ɗaki guda, kayanmu a akwati. Turmi ya koma bayan ƙofa. Kwandon baranda ya daina sauka sai jefi-jefi, har mai wake ya ɗago kai yana tambaya ko madam ba ta da lafiya. Babbar tukunya aka wanke ta, aka kife, aka tura ƙarƙashin gadon Inna. Baba ya aika wa Malam Habu, babban ɗaliban Ainu Shams, cewa a dakata da zuwa Juma'a sai an ji daga gare shi. Aka ce wa Bashir da Amina wasa ne, sunansa wasan Rum, su kuwa suka ɗauke shi da gaske, suna naɗe taliya a cokali mai yatsu suna "chaw, chaw". Nama ya koma sau ɗaya a mako, shi ma sai ka yi bincike a cikin miya kafin ka gamu da shi.

Juma'ar farko Baba ya dawo masallaci ya tarar da matakala fayau, ba takalmi ko ɗaya. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa baranda, ya kunna rediyo ya kashe. Ta biyu ta fi muni. Wani sabon ɗalibi da saƙon bai kai gare shi ba, ɗan siriri da shi, ya sha hanya tun daga Ainu Shams ya ƙwanƙwasa. Baba ya shigo da shi, ya leƙo kicin, Inna ta buɗe masa 'yar tukunyar ya gani da idonsa, daidai cikin mutum biyar. Baba ya koma ya ba yaron shayi da biskit, suka yi hira sama-sama, ya raka shi har titi. Daga baya na ji ya cusa masa kuɗin mota da na abinci a aljihu, wanda a ƙa'idar wasan haramun ne. Da ya hawo bai kalli kowa ba, ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Ni kuwa nawa shirin nake yi a ɓoye. Na yi tunanin yara: in tsada ce za ta sa a mai da ni Funtua, to bari in zama mai araha. Takalmin makarantata ya matse ni, na riƙa naɗe yatsu ina tafiya ban faɗa ba. Sabulu na riƙa shafa shi kamar turare. Babban abin shi ne abinci. A tire ɗaya muke ci mu uku, kuma kun san tarbiyyar gidanmu, babba shi ke fara tsame hannu ya bar wa ƙanana. To sai na fake da wannan. In yi loma biyu, uku, in ce alhamdu lillahi, in tashi in wanke hannu. Bashir, Allah ya shirye shi, bai taɓa tambayar dalili ba, murna ma yake yi. A makaranta cikina ya riƙa ƙugi ina danne shi da jaka. Ina jin yunwa, ina kuma jin wani irin alfahari, wai ina taimakon Baba. Kullum in na yi salla roƙona ɗaya ne, Allah ya sa lissafin ya fita da ni a ciki.

Lissafin kuwa bai fita ba. Wannan Inna ce ta gaya mini bayan na yi aure. Ta ce tun kafin watan ya raba ta gane abin ba zai ɗore ba, kuɗin cefane na ƙarewa kwanaki na gaba, alhali ko ciwo ba wanda ya yi, ko sanyin ba a biya ba. In aka cire makarantata komai na zama daidai, da ƙyar dai, amma yana zama. Baba ma ya gani. Hanya biyu ce ta rage, Rum ba ni, ko ni ba Rum. Ta ce kwanakin nan ba ta ce masa komai ba, don ba ta so ya zama ita ta hana shi abin da ya daɗe yana nema. Abu ɗaya kawai ta faɗa masa, ranar da ta kama hannuna za ta sa mini lalle ta ji awarwarona yana zamewa har gwiwar hannu: "Malam, gobe ka dubi hannun Kulu a tire."

Baba a falo yake cin abincinsa shi kaɗai, a langarsa, kuma kullum yakan bar ragowa da ɗan nama a kai ya kira auta. Ranar nan da azahar sai ya ce a kawo tirenmu kusa da shi, wai yana son ganin yadda Turawan gidansa ke naɗe taliya. Muka zauna. Na yi lomata biyu, na yi hamdala, na miƙe.

"Kulu, har kin ƙoshi?"

"Na ƙoshi, Baba."

"Dawo ki zauna. Me kika ci da za ki ƙoshi?"

"Ni ce babba, Baba. In bar wa ƙanne."

"Babba yana tsame hannu ne in ya ci, ba in ya ɗanɗana ba. Wa ya ce miki abincin ba zai isa ba?"

Na durƙusa ina kallon tabarma. Na so in yi shiru, amma abin da na ƙunsa tun ranar tsintar shinkafa ya ƙi zama. Na ce:

"Baba, ni ba ni da ci. Ko a Rum ma loma biyu ta ishe ni. Makarantar in tana da tsada sai in zauna in taya Inna aiki. Don Allah kada dai a kai ni Funtua."

Bashir ya tsaya da cokali a baki. Inna tana bakin ƙofar kicin, ta juya mana baya. Baba ya cire tabaransa ya ajiye a kan gwiwa, ya daɗe yana murza idanu da yatsu biyu. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar ma ban gani ba, amma na ga gemunsa yana motsi. Da ya yi magana ba da ni ya yi ba.

"Hajara, ina babbar tukunyar nan?"

"Tana ƙarƙashin gado, Malam."

"Fito da ita. A buɗe ɗakunan nan. Khalas, wasa ya ƙare." Ya mai da tabaransa, ya dube ni. "Garin da zai sa 'yata ta riƙa ƙidaya lomarta a gidana, na yafe shi, ko da zinariya aka shimfiɗa titinsa."

Sai ya turo mini langarsa, da naman da komai, abin da auta kaɗai ke samu. Amina ta buɗe baki za ta yi ƙorafi, Inna ta harare ta. Baba ya ce in ci yana kallo, kada in bar ko ƙwaya. Na ci ina kuka, majina da hawaye da taliya duk a haɗe, ba kyan gani, shi kuma yana zaune bai ɗauke ido ba har na share langar. Juma'ar da ta biyo baya takalma suka dawo matakala, bawwab ya dawo da mitarsa da langarsa, turmin Inna ya yi ta amo har hawa na ɗaya.

Abin bai tafi a banza ba, kada ku zaci labarin daɗi ne zalla. Shugabansa a ofis, wanda shi ya yi masa ƙoƙarin kujerar, ya ji haushi ƙwarai, ya daɗe ba ya sakar masa fuska. Wani matashi da Baba ya koya wa aiki aka tura, kuma bayan shekaru Baba ya koma gida ya tarar da shi a samansa, yana shiga ofishinsa da sallama yana jiran a ce ya zauna. Ƙarin girman da ya zo daga baya ya zo a makare, ba a sake yi masa tayin Turai ba har ya yi ritaya. Alhaji Sule ya gina bene a Kaduna, Baba ya ƙare a gidan gado na Funtua da ya yi wa kwaskwarima. Alƙahira ma ba ta zauna yadda muka same ta ba, shekarun tamanin na shigowa kaya suka soma tashi, miyar Juma'a ta ƙara ruwa, naman ya ƙara ƙanƙancewa. Amma tukunyar ba ta sake komawa ƙarƙashin gado ba har muka bar ƙasar, ni kuma ban fasa makaranta ko na zango ɗaya ba.

Dangi da abokan aiki suka dame shi da tambaya, wane irin mutum ne za a ba shi Rum ya ce a'a? Ya san in ya faɗi gaskiya maganar a kaina za ta ƙare. Za a ce marainiyar nan ce ta tare masa arziki, a yi ta faɗa har ta zo kunnena, ta bi ni gidan miji, wata rana ma wani ya faɗa wa Bashir da Amina cewa saboda ni ba su yi karatu a Turai ba. Sai ya zaɓi a yi masa dariya. Duk wanda ya tambaya sai ya kama kafaɗa yana karkarwa, ya ce shi da sanyi ba sa shiri, ga kwat nan ma ya saya ya ga ba zai isa ba. Mutane suka yi ta yi masa tsiya da shi, wasu a gabansa, wasu a bayan ido, yana taya su. Da ya tsufa ya riƙa saka kwat ɗin nan mai warin kafur zuwa masallaci in sanyi ya sauko, jikoki na binsa suna ihu, shi kuma yana ƙara musu da karkarwar ƙarya. Abin da Nasiru ya gani ke nan ya ɗauka tarihi ne. Ni kuwa ko sau ɗaya, ko cikin fushi, ko ranar da na ɓata masa rai iyakar ɓatawa, bai taɓa buɗe baki ya ce saboda ke na rasa kaza ba. Ina alfahari da mutumin nan fiye da yadda alƙalamina zai iya faɗa.

Kuna yi mini tsiya cewa a gidana ba a isa a ce an ƙoshi ba, wai ina ɗura wa mutane abinci kamar mai kiwon talotalo. To, yanzu kun san inda na samo.

A ciwonsa na ƙarshe na je Funtua na zauna da shi. Lokacin na aurar da yayarku, har na ɗauki jika. Abinci ya daina shigarsa, sai lallashi. Wata ranar da hantsi na yi masa tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa, irin na Dokki, na tallafe shi ya zauna, kwat ɗin na lulluɓe da ƙafafunsa. Ya yi loma biyu da ƙyar ya ce ya ƙoshi. Na ce Baba me ka ci da za ka ƙoshi? Ya dube ni, na ga ya gane inda maganar ta fito, ya yi ɗan murmushi. Sai ya sa bayan hannunsa, wanda ya rame har jijiyoyi sun fito, ya turo mini langar a hankali.

"Ci, Kulu," ya ce. "Nan ba Rum ba ce."

Na zauna a ƙasa gabansa, mace da furfura a kai, na cinye tas yana kallo.